Tabarma a Gindin Katanga

Baba, ka tuna katangar ƙofar gidanmu da ta tsage, wadda Inna ke kwana a bayanta? Duba-gari ya ba da takarda a gyara, mai gidan da muke haya, Alhaji Tanimu, ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ku faɗa mini ranar da za ta faɗi, in gyara ana gobe."

Ranar sadakar ukunka ya zo ta'aziyya. Na shimfiɗa masa tabarma a gindinta. Ya ɗaga kai, ya tsaya cak.

"Ɗayyabu, babu wani wurin?"

"Alhaji, ai nan ce inuwa. Bismillah."

"Kai, ba ka ga yadda ta karkace ba?"

Na ce, "In lafiyarta ƙalau, zauna mu yi addu'a. In kuma yau ce ranar, ga liman ga mai unguwa, jiya ya kamata ka gyara."

Washegari magina suka iso.

Yanzu wai ni ne mai wayon unguwa, ni da na maimaita aji uku. Baba, ban shirya komai ba. Wurin zamanka ne, hannuna ya saba kai tabarma can. Har yau ban faɗa wa kowa ba.