Zanen Da Auta Ta Gyara

Auta yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, wannan babu mai musu. Ta gama digirinta da sakamako mai kyau, ta koma jami'a yin babbar difloma a kan koyar da ƙananan yara. Aibinta ɗaya ne, amma babba: ba ta iya jiran kowa, kuma ba ta iya ganin abu a karkace ta ƙyale shi. Abokan karatunta suka laƙaba mata Anti Tsaf-tsaf. Ita a zatonta yabo ne.

Abin da ake koya musu ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Yaro a gaba, malama a baya. A ba shi kayan aiki, a durƙusa daidai tsayinsa, a tambaye shi, a saurare shi, a bar shi ya ɓata ya sake. Auta ta haddace wannan tas, a jarrabawar takarda babu wanda ya kamo ƙafarta. Saura gwajin koyarwa: zango guda a ajin nazare, sannan malami ya zo daga jami'a ya gani da idonsa. Wanda ya faɗi a nan sai ya maimaita shekara. Ga shi wata babbar makaranta ta yi mata alkawarin aiki, da sharaɗin ta kawo takardar shaidarta a bana.

Aka tura ta wani gari da ba ta san kowa ba, ita da wata abokiyar karatunta mai yawan barkwanci da ake kira Doguwa. Auta ta kama ɗaki a bayan shagon masu walda. Katifa, risho, ƙaramin tebur, sai taga ɗaya mai kallon katanga.

Tun makon farko zanen yaran ya tsaya mata a rai. Wannan ya yi akuya da ƙafa shida, wancan ya shafa wa rana kore. Ta dubi bangon ajin da za a liƙa su, ta tuna da malamin da zai zo dubawa. Da farko hannunsu take kamawa ta ja musu layi. Da ta ga wannan yana cin lokaci, sai ta koma tattara takardun idan an tashi, ta tafi da su ɗaki. Can za ta zauna da fensirin kala da almakashi, ta sake zana kowanne a sabuwar takarda, ta ɗan karkata layin don ya yi kama da hannun yaro, ta rubuta sunan mai shi a ƙasa. Na ainihin kuwa sai kwandon shara.

Wata la'asar Doguwa ta leƙo ta taga.

"Anti Tsaf-tsaf, fito mu zaga gari, ƙafafunki su san suna da amfani."

"Ina da aiki."

"Wane aiki? Yara sun tashi tun azahar. Ko ke ce 'yar nazaren?"

"Ke dai je ki wanke rigarki. Kamar wadda ta yi dambe da mai fenti."

"'Ya'yana ne suka shafa min, kuma ban ce ki taya ni wanki ba," in ji Doguwa, ta tafi tana dariya.

Ta sake zuwa, ta kuma zuwa, daga baya ta daina. Auta ta rage daga ita sai ƙarar walda da ƙanshin gam.

Bango ya yi kyau, ba ƙarya. Shugabar makaranta ta yaba, iyaye suna tsayawa ɗaukar hoto. Amma yaran sun yi sanyi. A ba yaro takarda, sai ya turo ta gaba ya ce, "Anti, yi min." Ajin ya yi tsit, ita kuwa tana ganin tarbiyya ce ta kama su. Lokacin hutun tara, idan yaran ajin Doguwa sun rataye a jikinta kamar za su kayar da ita, Auta tana zaune a aji ita kaɗai tana yankan kwali. Babu yaron da ya taɓa kawo mata ko marfin kwalba ya ce ta gani.

A ajin akwai wata yarinya mara magana, Bahaguwa ake ce mata. Ubanta direban babbar mota ne, yakan daɗe bai kwana a gida ba. Ran da aka ce kowa ya zana wanda yake so, ta duƙufa har aka tashi. Ta zana mutum da hannaye dogaye, sun kai bakin takarda hagu da dama. Ta kawo da gudu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Anti, kin ga babana, shi ne yake…"

"Na gani. Hannun mutum ba ya kaiwa nan. Kawo, je ki sa takalminki."

Washegari zanen wani mutum tsaf da shi, da hannaye daidai misali, ya bayyana a bango da sunanta a ƙasa.

Ranar dubawa ta zo. Dakta, malamin da jami'a ta turo, dattijo ne mai furfura. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya wuce kujerar da aka goge masa, ya zauna a ƙasa cikin yara. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Kai, masu ajin nan gwanaye ne," ya ce. "Kowa ya tashi ya nuna min nasa."

Yaran suka tashi suka tsaya cirko-cirko. Abin da Auta ta manta shi ne, ba su iya karatu ba tukuna. Sunan da ke ƙasa ba ya gaya musu komai. Yaro da hannunsa yake gane aikinsa, kuma babu hannun kowa a bangon nan sai nata.

Ta yi maza ta kama kafaɗar Bahaguwa. "Ga naki nan, 'yar kirki. Nuna wa Dakta."

Yarinyar ta duba, ta girgiza kai. "Wannan ba babana ba ne."

"Yaya naki baban yake?" Dakta ya tambaye ta a hankali.

"Hannunsa dogo ne. Don in yana can nesa ya miƙo ya ɗauke ni." Ta juya ga Auta. "Anti, ina wanda na yi? Zan nuna masa in ya dawo."

Dakta ya miƙe, ya yafito Auta suka fita.

A baranda Dakta bai ɗaga murya ba. "'Yata, kin iya zane. Amma ba ke na zo gani ba."

"Ranka ya daɗe, don ajin ya yi kyau ne."

"Ya yi kyau. An kori masu shi ne kawai."

Auta ta faɗi gwajin. Doguwa ta ci, ta zo sallama, Auta ta yi lamo a ɗaki kamar ba ta nan. Aikin da aka yi mata alkawari aka ba wata. Da mahaifiyarta ta bugo waya tana murna, tana tambayar ranar da za su zo bikin kammalawa, abin da Auta ta iya cewa kawai shi ne, "Inna, sai baɗi."

Ranar da za ta bar makarantar ta ɗauki sabuwar takarda da fensirin kala. Ta je wurin Bahaguwa ta durƙusa, karo na farko tun zuwanta.

"Zana min baban nan naki. Yadda kike so, ba zan taɓa ba."

Yarinyar ta mayar da hannayenta baya.

"Ban iya ba," ta ce. "Ke ki yi."

Darasi: Shekarar da Auta ta rasa za ta dawo, wani aikin ma zai samu. Abin da ta cire daga zuciyar yarinyar nan shi ne babu tabbacin dawowarsa. Duk wanda aka damƙa wa yaro, malama ce ko uwa, ya sani karkataccen aikin da yaro ya yi da kansa ya fi miƙaƙƙen da aka yi masa. Idan kika karɓe aikinsa don mutane su yabe ki, ba taimakonsa kika yi ba, koya masa kika yi cewa shi ba ya iyawa. Takardar shaida ba ta ba mutum haƙuri. Wanda ba zai iya jiran yaro ba, ya nemi wata sana'ar tun da wuri.