Matuƙan da Ba a Sallama Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane da aljanu suna cin kasuwa ɗaya, an yi wani sarki a Birnin Murjanu, can bakin babban teku, ana ce masa Sarki Haliru. Allah ya ba shi dukiya da kwarjini, ya kuma jarrabe shi da wani matsafi mai suna Ƙurungu, sarkin Tsibirin Toka, wanda jiragensa ke kwashe masunta da fatake kamar shirwa a cikin 'yan tsaki. Da abin ya ishi Sarki, sai ya nemi maƙeran aljanu, suka ƙera masa wani jirgin yaƙi irin wanda ido bai taɓa gani ba: an lulluɓe shi da sulken baƙin ƙarfe daga goshi har wutsiya, igwa na leƙe ta kowane gefe, ga wani ƙahon ƙarfe a gaba na huda jiragen abokan gaba. Aka raɗa masa suna Baƙin Kada.

To, mutanen Murjanu suna da wata al'ada da suka gada. In za a shiga yaƙin ruwa, matuƙa sukan sauka cikin cikin jirgi su kama filafilai, shugaban jirgi ya kulle ƙofa a kansu daga waje, ya rataya mabuɗin a wuyansa, alamar ba gudu ba ja da baya. Ba mai sakin filafili sai shugaba ya buɗe ya ce, "An sallame ku." In kuwa jirgi zai nutse, farillarsa ta farko ita ce buɗe ƙofar. Mabuɗin da aljanu suka ƙera kuwa, in ya buɗe kwaɗo ba ya sake fita daga cikinsa.

Wanda aka danƙa wa Baƙin Kada shi ne Madawakin Ruwa Kailani, saurayi kyakkyawa mai faɗin ƙirji, wanda bai taɓa sanin yana da tsoro ba, don ba a taɓa gwada shi ba. Da hantsi suka yi arba da rundunar Ƙurungu. Igwa ta yi tsawa, hayaƙi ya rufe rana, duwatsun abokan gaba suna dukan sulke suna faɗawa ruwa. A ƙasa kuma Jatau, makaɗin matuƙa, yana ba da ganga, filafilai suna amsawa. Baƙin Kada ya farke jirage ɗaya bayan ɗaya, har ya soke na Ƙurungu kansa. Amma kafin matsafin ya halaka, sai ya tofa wa ruwa wani mugun tsafi, teku ya buɗe baki, jirgi ya karkata, nauyin ƙarfen nan da ya kare su ya shiga jan su ƙasa.

Ƙofar tana nan kusa da Kailani, ya ma kai hannu ga mabuɗin. Sai ya ga ruwa baƙi ƙirin yana hawowa. Kaico! Namiji ya juya wa ƙofa baya ya yi tsalle, da mabuɗin mutane a wuyansa.

Igiyar ruwa ta jefo shi gaɓa shi kaɗai. Bai yi ƙarya da bakinsa ba, wannan kam a ba shi. Shiru ya yi, maroƙa suka yi masa ƙaryar, suka ce ya buɗe ƙofa, ya yi yaƙi har jirgi ya ɓace a ƙarƙashin ƙafarsa, ruwa ya ƙi cin sa. Sarki ya naɗa masa rawani na alfarma, ya yi masa alkawarin 'yarsa, Gimbiya Nasiba. Har mahaifiyar Jatau, wata tsohuwa da ake kira Iya Kande, ta dogaro sanda ta zo ta durƙusa a gabansa ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe wa ɗana ƙofa. Ko ba komai, ya cika yana kallon sama." Kailani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mabuɗin yana ƙarƙashin rigarsa, sanyinsa na taɓa ƙirjinsa, amma ya ce mata, "Amin, Iya." Ba a jima ba tsohuwar ta rasu tana sa masa albarka, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Masu magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Kailani ya rame, ya daina wanka a inda za a ga wuyansa, in an yi masa kirari sai ya ji kamar ana watsa masa ruwan zafi. Ita ma ƙasa ba ta huta ba, domin tun ranar yaƙin wani gagarumin ruwa mai juyawa ya kafu a bakin mashigar jirage, ba kwalekwalen da ke iya fita, kifi ya ƙaura, fatauci ya mutu, kuma da tsakar rana akan ji amon ganga daga ƙarƙashin teku. Gimbiya Nasiba kuwa ta ce wa mahaifinta, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba zan yi lalle a garin da mata ba su san ko su masu aure ne ko masu takaba ba. A bari ruwa ya kwanta tukuna." Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Ran nan Sarki ya tara fada, aka kawo wani tsohon malamin duba daga ƙasa mai nisa. Ya buga ƙasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Zaki, mutanenka suna da rai. Uwar Zurfi, sarauniyar aljanun ruwa, ta tausaya musu ta hana ruwa shiga inda suke. Har yanzu tuƙi suke yi, domin ba a sallame su ba, tuƙinsu ne ke juya teku." Malamin bai ƙara komai ba, bai kuma dubi kowa ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kailani ya miƙe ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ni zan je." Fada ta ɗauki shewa, maroƙa suka ɓarke da sabon kirari, shi kuwa ya fita kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata.

Da rana tsaka ya shiga ɗan kwalekwale shi kaɗai, ya miƙa kansa ga ruwa mai juyawa, ruwa ya haɗiye shi. Da ya buɗe ido sai ya gan shi tsaye a kan yashi, yana numfashi da ikon Allah, ga makabartar jirage shimfiɗe har iyakar gani: na sarakunan da aka manta da sunansu, haƙarƙarinsu na katako a tsaye ciyawa ta nannaɗe, da na Ƙurungu a kife, kifaye suna shiga suna fita ta bakin igwa. A tsakiyarsu Baƙin Kada ya kafe da goshi cikin laka, tsatsa ta mai da sulkensa ja, amma filafilansa suna tashi suna sauka tare, ba ko ɗaya da ya saɓa.

Sai Uwar Zurfi ta bayyana, doguwa, gashinta na jan ƙasa, da kambin lu'ulu'u a kanta. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, na daɗe ina jiran ka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kai kuwa ka ci yabo ka ƙoshi. Ka sani mabuɗin nan ba zai juya ba sai ka faɗa wa na bayan ƙofa abin da ka yi, da bakinka, ba ragi."

Kailani ya hau jirgi, ya ƙwanƙwasa. Sai ya ji muryar Jatau, ta tsufa ta dushe, amma cike da murna: "Ranka ya daɗe, kai ne? Mun ci yaƙin? Na ce wa yaran nan Madawaki yana sama yana gumurzu, mu dai kada mu ba shi kunya."

Wayyo! Da zagi suka tarbe shi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa, ya jingina goshi da ƙarfen ƙofa, ya ce, "Baba Jatau, an ci yaƙi tun ranar farko, ku kuka ci shi. Jirgi ya nutse. Ni kuwa na ji tsoro, na gudu na bar ku a kulle. Shekara da shekaru ina cin tuwo a Murjanu, ana yi mini kirari da guminku, ban ce wa kowa komai ba."

Ganga ta tsaya. Can Jatau ya ce a hankali, "Iya fa? Tana nan?"

"Ta rasu, Baba. Ta rasu tana sa mini albarka, tana zaton na buɗe maka."

Kailani ya zura mabuɗi, ya juya kamar an shafa masa mai. Ya buɗe ya ce, "An sallame ku." Suka saki filafilai da kyar, don yatsunsu sun ƙage, suka fito da furfura da ranƙwafaffen baya, suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tofa masa yawu, ba kuma wanda ya dube shi. Uwar Zurfi ta ɗaga hannu, teku ya kwanta, ruwa ya ɗauke su gaba ɗaya ya ajiye a gaɓa.

Gari ya ruɗe da guɗa da kuka. Da maroƙa suka ɗaga murya za su yi wa Kailani kirari, sai ya tsai da su, ya kwance rawaninsa a gaban Sarki da jama'a, ya maimaita duk abin da ya faɗa a bakin ƙofa. Fuskar Sarki ta yi baƙi, ya ce, "Jininsa na hannunku, ya ku matuƙa. Ku faɗi hukunci."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, kashe shi ba zai mai do mana da shekarunmu ba. Ya gudu, gaskiya ne, ya kuma dawo ba wanda ya tilasta shi. Roƙonmu ɗaya ne: daga yau a mai da kwaɗo ta ciki, mabuɗi ya zauna a hannun masu tuƙi." Sarki ya zartar da haka, ya tuɓe Kailani daga sarauta, ya mai da shi matuƙi a cikin sabon jirgin da aka ƙera. Kifi ya dawo, fatake suka dawo, ƙasa ta zauna lafiya.

Kowa ya ɗauka maganar aure ta mutu. Amma Gimbiya Nasiba ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wancan da maroƙa ke waƙa ban taɓa yarda da shi ba, don mutumin da ake yabo yana sunkuyar da kai akwai abin da ya ɓoye. Wannan kuwa na san iyakar laifinsa, ya kuma san ta. In Sarki ya amince, na amince." Aka ɗaura aure ba kiɗa ba kirari, bisa roƙon ango.

Jatau ya zo ɗaurin auren, ya zauna a sahun gaba, ya shafa fatiha tare da jama'a. Da aka zo rabon goro, Kailani ya zaɓi fari mafi kyau ya kai masa da hannu biyu. Tsohon ya karɓa ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya." Sannan ya jefa goron a aljihu, bai ɓara ba. Kailani ya gani, ya sunkuyar da kai, ya koma wurin zamansa.