Kanwar da Aka Zuba a Gindin Tsamiya

Akwai wani direba da ake kira Gajere, yana aiki a kamfanin wata Hajiya mai kai baƙi kallon namun daji a gandu. Motocinta biyu ne. Ɗaya tana hannun Gajere, ɗayar tana hannun ƙanenta Auta.

Baƙin Auta kullum da murna suke dawowa. Akwai wata tsamiya da yake kai su, ko yaushe sai sun tarar da garken gwanki a gindinta. Shi kuwa Gajere ba ya bi ta wajen ko an roƙe shi. Wata rana ma a yini ana yawo, baƙinsa ba su ga komai ba sai tsuntsaye da birai.

Ran nan shugaban masu gadin gandun ya zo ofis ransa a ɓace. Ya ce sun tsinci gwanki uku a mace cikin tarkon waya kusa da tsamiyar, kuma in ta tabbata da hannun yaran Hajiya, za a soke mata izinin shiga gandun.

Yana fita Auta ya matso, ya rage murya.

"Yaya, ki leƙa ƙarƙashin kujerar Gajere. Ni dai ban ce komai ba."

Hajiya ta leƙa. Sai ga wayoyin tarko a nannaɗe cikin buhu, har da gashin dabba a jiki.

Ta kira shi. "Gajere, me wannan yake yi a motata?"

"Kwance su na yi, Hajiya."

"Kwancewa ko ɗanawa? Mutum kullum shiru kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa, ashe ta ciki na ciki! Me ya hana ka kai wa masu gadi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya ajiye mukulli, gobe za ta miƙa shi ga masu gadi.

Ana haka wata dattijuwa cikin baƙin Auta ta shigo da wayar salula a hannu.

"'Yata, ni ban cika yarda da sa'ar da ta yi yawa ba. Kwana uku muna zuwa wuri ɗaya, dabbobin suna jiranmu kamar an yi musu alkawari. Yau da direbanki ya ce zai zagaya, sai na bi shi da kyamara."

A bidiyon, ga Auta a bayan tsamiya yana zazzage buhun kanwa a ƙasa.

Auta ya yi dariyar yaƙe. "Haba Mama, kanwa ce fa! Su lasa, ku yi hoto, kowa ya ji daɗi."

Sai a lokacin Gajere ya buɗe baki. "Duk inda ka saba wa dabba da zuwa, ka nuna wa mafarauci inda zai ɗana tarko. Sau uku ina gaya maka. Kullum da safe kafin ɗaukar baƙi nake zuwa in kwance abin da na samu."

Hajiya ta dube shi. "Ni me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ƙanenki ne, Hajiya. In na kai wa masu gadi, za su tambayi wanda ya zuba kanwar. Kuma an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ba a yankewa, amma ana kai shi wajen mai magani."

Da kanta ta sa Auta a gaba har ofishin masu gadi, da bidiyon da wayoyin tarkon. Ba a soke izininta ba, amma an hana Auta tuƙi a gandun. Ita kuma ta nemi gafarar Gajere a gaban kowa, ta mayar masa da mukullinsa.

Darasi: 'Yan uwa, kada mu yi saurin zargin mai shiru. In kun je kallon namun daji, kada ku matsa wa direba sai ya tara muku dabbobi, kuma in kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa. Ku tura wa wasu su amfana.