Jirgin da Aka Aika Wurin Masu Guduma

A wata ƙasa ta bakin teku an yi wani matuƙin jirgin ruwa wanda ya tsufa tare da jirginsa. Jirgin babba ne ƙwarai, kamar gari a bisa ruwa. A dā ya ɗauki attajirai da ɗalibai da masu komawa gida daga ƙasashen nesa. Amma yanzu tsatsa ta ci jikinsa, sababbin jirage kuma sun fi shi gudu. Sai masu shi suka umarci matuƙin ya kai shi wata gaɓa mai nisa, inda ake farfasa jirage a sayar wa maƙera ƙarfen.

Suka tashi ba fasinja ko ɗaya, sai ma'aikata kaɗan. Da suka yi nisa, kowa ya saki jiki. Mai shara ya jingine tsintsiya, mai dahuwa ya ce garin kwaki ya ishe su, mai tsaro kuwa ya sauko daga hasumiya, wai me za a duba a hanyar kabari.

Matuƙin bai yi fushi ba. Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ba mu kai wurin guduma ba tukuna. Muddin yana bisa ruwa, jirgi ne." Ya ɗauki tsintsiya da kansa, yana shara yana waƙa da muryarsa mai kama da ta kwaɗo, har kunya ta kama su, kowa ya koma bakin aikinsa.

Ana nan, wata rana da hantsi mai tsaro ya hango ana kaɗa jan zane can nesa. Ashe kwalekwale ne cike da 'yan biki. Injinsu ya mutu, igiyar ruwa ta ja su tsakiyar teku, ruwan shansu ya ƙare. Jirage masu sauri sun wuce, ba wanda ya lura da su.

Matuƙin ya juya tsohon jirgin a hankali, aka sauke tsani, aka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, har da wata tsohuwa da ta ƙi hawa sai da kazarta. Suka sha ruwa, suka ci tuwo mai zafi, suka kwanta a ɗakuna shararru. Da ƙarfinsu ya dawo, makaɗin bikin ya ɗauko gangarsa.

Haka jirgin ya iso gaɓar da kiɗa da guɗa, masu guduma suka tsaya baki buɗe. Da tsohuwar ta ji abin da za a yi da jirgin, sai ta shafa bangonsa ta ce, "Allah ya sa mu ma mu gama haka." Matuƙin ne ya sauko a ƙarshe, yana dariya yana share hawaye.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Jirgin nan jikinmu ne, gaɓar kuwa ranar da Ubangiji zai kira mu. Dukanmu can muka nufa, amma wanda bai isa ba tukuna, aikinsa bai ƙare ba. Baba, kada ka ce gwiwa ta mutu, ba ka da sauran amfani a gidan Allah. Mama, tafiyarki a hankali ita ce za ta sa ki ga wanda masu sauri suka wuce. Wataƙila alheri mafi girma da Ubangiji ya shirya yi ta hannunki yana nan gaba, a ƙofar maƙwabciyarki.