Rassa Uku da Gwani Ya Yanke

Akwai wani mai ɗaukar hoton tsuntsaye da abokansa ke kira Gwani. Shi ya raɗa wa kansa sunan, su kuma suka bi shi da shi cikin zolaya.

Kyamararsa mai tsada ce, amma duk hoton da ya saka a zauren masu ɗaukar hoto na waya, magana ɗaya ake yi masa: "Tsuntsun ya fito, sai dai hoton a cunkushe yake. Ga reshe ya ratsa fuskarsa."

Wani dattijo a zauren ya taɓa ba shi shawara: "Ka sauya wurin tsayuwa. Ka daidaita da idon tsuntsun, ka bar fili ta inda yake kallo, sannan ka jira." Gwani ya karanta ya yi tsaki. Jira ne abin da ya fi tsana.

Wata rana ya je gaida gwaggonsa, wadda ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ta kama hannunsa ta kai shi gindin bishiyar lemon da ke tsakar gida.

"Duba baƙina," ta ce a hankali. Kurciya ce ta yi sheƙa can cikin ganye, da 'ya'ya biyu ko gashi ba su gama yi ba. "Kullum da safe nan nake ajiye kujera. Su ne abokan hirata."

Gwani ya ɗaga kyamara. Ta dama reshe, ta hagu ganye.

"Gwaggo, wannan bishiyar tana son aski."

"Wanzami ka koma? Bar musu rufinsu, ɗan nan."

Da ta shiga ɗaki yin sallah, sai ya ɗauko almakashin lambu a bayan ƙofa. Rassa uku ya yanke, ya jefa su bayan katanga. Sheƙa ta fito fili tas. Da uwar ta dawo da abinci, ya samu hoton da bai taɓa samun irinsa ba.

Da ya saka hoton a zauren waya, aka yi ta yabo. Har dattijon nan ya rubuta: "Ka ga amfanin haƙuri?" Gwani ya amsa da godiya, ya ɓoye zancen rassan.

Bayan kwana huɗu ya wanke hoton, ya sa shi a gilashi, ya kai wa gwaggo. Ya tarar kujerar tana jingine da bango.

"Gwaggo, ga baƙinki na kawo miki."

Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Washegarin zuwanka rana ta dake su tun hantsi. Na ɗaura tsohon zane don in yi musu inuwa, uwar ta tsorata ta ƙi sauka. Da la'asar hankaka ya zo. Ina kallo, ƙafata ba ta kai ni ba."



"Na ga rassan a bayan katanga," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa hoton. "Ya yi kyau, ɗan nan. Amma tafi da shi. Ba zan iya kallonsa ba."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya riƙe da gilashin, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A bakin ƙofar gidan ya zauna ya buɗe waya. Ya rubuta ya goge ya fi sau biyar kafin ya tura wa zauren: "Hoton da kuka yaba, ban yi haƙuri ba, rassa na yanke. 'Ya'yan da kuka gani sun mutu a dalilina. Kada kowa ya yi koyi da ni."

Darasi: Idan abu ya tare maka gani, kai ne za ka matsa, ba ka rushe gidan wani ba. Kyawun da aka samu da cutar da mai rai, kunya ce ƙarshensa. Ku tura wa duk mai riƙe kyamara, da duk mai gaggawar neman yabo.