Ƙararrawar Baba

Akwai wani tsoho da ya ƙi barin ɗakin matarsa bayan ta rasu. Mahaifina ne, kuma uwata ce ta rasu.

Baba ba ya iya tashi, muryarsa kuma ta yi ƙasa. Da, ko tari ya yi Inna na ji. Ni tela ne, shagona na ƙofar gida, kuma ƙarar keken ɗinki ba ta barina in ji kiransa. Sai Yaya ya ce zai ɗauke shi zuwa gidansa.

Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka bari a fitar da ni daga ɗakin nan."

Autarmu mai gyaran waya ta kawo wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, mai jerin ƙafafun ƙarfe. Ta ce, "Kowace ƙafa, kai za ka rubuta mata aikinta. Wannan ta saurari maɓalli a gadon Baba, waccan ta kaɗa ƙararrawa a shago."

Karatuna bai yi nisa ba, amma na zauna tana faɗa ina bugawa.

Muna haɗawa, ƙararrawa ta fara kaɗawa ba wanda ya taɓa maɓallin. In ruga ciki, in tarar Baba na barci. Yaya ya yi dariya har da tafi.

"Injiniyan zare da allura! Aljanu ka ɗauka aiki? Gobe zan zo da mota."

Ni da autarmu muka bi layukan da na rubuta ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙafar da ke sauraro muka bari sake, ba mu gaya mata yadda za ta zauna idan ba a danna ba, shi ya sa ko waya aka gifta da ita sai ta ɗauka kira ne. Layi ɗaya na ƙara, ƙararrawa ta yi tsit.

Washegari Yaya na tsaye a shago da makullin mota, ƙararrawa ta kaɗa. Muka shiga tare. Baba na kwance, yatsansa a kan maɓalli, yana murmushin da ban gani ba tun rasuwar Inna.

"Lafiya, Baba?" in ji Yaya.

"Ƙalau. Kiranka na yi in ce ka gaida gida."

Darasi: Idan abu ya ƙi yi da farko, kada dariyar mutane ta sa ka yar da shi. Zauna ka nemo inda ya kuskure. Ku tura wa duk mai jinyar iyayensa.