Albasar Kwaɗi a Gindin Randa

Ku gyara zama, ku da ba ku gajiya da gardama. Yau na zo muku da wadda za ta sa tuwonku ya huce ba ku sani ba.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani tsohon maharbi, Baba Nomau. Da ya makance, karyarsa Guguwa ce ta zama idonsa. Ita ke jan sa gona da igiya, ita ke tsayawa cak in akwai rami a gaba. 'Ya'yansa uku, Kande da Tunau da Barmo, kowa da gidansa a ƙauyen, amma ko su sun san wadda tsohon ya fi ji da ita.

Baba Nomau yana da al'ada irin ta maharban da, ta shuka albasar kwaɗi a gida, wai tsari ce. Kun dai san ta, mai farin fure da ratsin ja, wadda ke fitowa da ruwan fari. A gindin randa ya sa aka dasa ta don ta sha ɗigon ruwa. Ya manta nan ne Guguwa ke tona rami ta kwanta in rana ta take, ga ta kuma da tsohon ciki.

Wata Juma'a da hantsi aka tarar da ita tana amai, dalala na zuba, ƙafafu na kakkarwa. Tsoho ya shafa ta, ya fashe da kuka. "In ta tafi, ni ma na gama fita ƙofar gida," in ji shi.

Maƙwabta suka taru, kowa likita. Suka yanke cewa maciji ne, har an jiƙa sassaƙe za a ɗura mata. Kande ta tare su. "Wallahi ba mai ɗura mata komai sai na ga wurin sara!" Ta bi gashin karyar kaf, ba ta ga sara ba. Ta sa kara ta tona aman da kowa ke toshe hanci a kansa, sai ga ɓawo fari kamar na albasa. Ta nufi gindin randa, ta tarar da saiwar an cinye rabi. Ta durƙusa ta faɗa wa ubanta abin da ba mai ƙarfin halin faɗa: "Baba, ka yi haƙuri, tsarinka ne ya ci ta."

Likitan dabbobi yana can gari, rafi kuwa ya kawo. Masu babur suka ce a kai kasuwa, su ba sa ɗaukar kare, balle ran Juma'a. Tunau bai tsaya roƙo ba. Ya tuɓe sabuwar rigarsa, ya saɓa Guguwa a wuya kamar ɗan rago, ya sa guntun saiwar cikin hula. Ruwa har ƙirji ya ratsa, amai na bin bayansa, samari na ihu wai Tunau ya zama jakin karya. Ko waiwaye bai yi ba. Likita ya ga saiwar, nan take ya san abin yi. Ya yi mata allura da ƙarin ruwa, ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai a binne. Ya ce saura jinya: ruwa cokali-cokali, kwana uku, ba fashi.

A nan Barmo ya shigo, shi da tun yana yaro kare ya yage masa ƙauri, ko haushin kare ya ji sai ya arce. Kande na da jariri, Tunau kuma zazzaɓi ya kayar da shi bayan ya sake ratso rafin da ita zuwa gida. Barmo ya zauna da cokali. Ranar farko ta cije shi a yatsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Lokacin noman farko ne, ciyawa ta cinye masa gero yana ji yana gani, bai tashi ba. Rana ta huɗu Guguwa ta ɗaga kai ta lashi hannun da ta ciza.

Baba Nomau da kansa ya lalubi gindin randa, ya tumɓuke sauran albasar, ya ce a ƙone. Bayan mako biyu Guguwa ta haihu. 'Ya'ya biyar, huɗu ba rai, ɗaya ce ta motsa, mace, ja kamar uwarta.

Dukansu uku suka ce suna so, har Barmo, ku ji fa! Tsoho ya rungume 'yar kwikwiyar, ya juya fuska wajen muryar wannan, ya juya wajen ta wancan.

Ba don Kande ba, da sassaƙe ya ƙarasa ta. Ba don Tunau ba, da ba ta ga likita ba. Ba don Barmo ba, da ba ta kai rana ta huɗu ba. Kwikwiya kuwa ba ta rabuwa uku.

To, ku da Allah ya bar muku idanunku, a hannun wa tsohon nan zai sa ta?